Amsa ga Dakta: Ba Usur Muke Gyarawa Ba

Ranka ya daɗe Dakta,

Bayan gaisuwa da fatan iyali na lafiya. 'Yan gida sun turo mini shirin rediyon da aka yi da kai, inda ka ce a tambayar maka "ɗan'uwanmu da ke Jamus" wane amfani ke cikin mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a shagon wani tsohon kafinta yana gyaran usur ɗin coci, alhali kibod na lantarki da ake sayarwa a Sabon Gari yana yin duk abin da ogan mai bututu, wato babban abin kiɗan da iska ke busa bututansa, ke yi. Ka kira aikin sana'ar matattu. Mai gabatarwa ya yi dariya, kai ma ka taya shi. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan ba ka amsa.

Abin da ka faɗa a kaina na yafe. Ka girme ni, ka kuma fi ni takardu, kowa ya shaida, domin ba ka taɓa bari an manta ba. Amma maigidana da ka yi wa ba'a ba ya jin Hausa, ba zai iya kare kansa ba, kuma mutumin da ya koya mini abin da nake ci da shi ba zan ji ana wasa da furfurarsa in yi shiru ba.

Kafinta ne, wannan gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Shi ke zaɓen katako tun yana gungume, ya ajiye shi shekaru ya bushe kafin zarto ya taɓa shi, domin akwatin iskar da bututai ke zaune a kai idan ya tsage ko da faɗin gashi ne, murya za ta riƙa fita ba wanda ya danna komai. Amma kuma maƙeri ne. Shi ke narka kuza da dalma a tukunya, ya san gwargwadon kowanne, ya zuba narkakken ƙarfen a kan dogon tebur da aka lulluɓe da ƙyalle, ya ja shi ya zama faranti guda, a kankare, a yanka, a naɗe a jikin sanda, a liƙe bakin da dalma har ya zama bututu. Idan kuza ta yi yawa muryar ta yi haske, idan dalma ta rinjaya ta yi taushi. Dukanci ma yana yi: zugazugan da ke tara iska da 'yan murafan da ke buɗewa ƙarƙashin kowane bututu duk da fatar tunkiya ake yi musu sutura, a manna da gam ɗin da ake dafawa daga fata, wanda ake iya jiƙawa da ruwan ɗumi a ɓamɓare ko bayan shekara 100. Da gangan ake amfani da shi, don wanda zai zo gyara bayan mun mutu.

Duk wannan somin taɓi ne. Aikin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne ba bututu murya. Yawancin bututan tamkar sarewa suke, iska ta bugi leɓe ta yi sauti; wasu kuma suna da harshen tagulla mai karkarwa irin na bakin algaita. Mai tsawon ƙafa 8 ke ba da ƙasan murya a jerin da aka saba da shi. Raba tsawon biyu, muryar ta hau hawa guda cif. A manyan ogan akwai mai ƙafa 32, kusan mita 10, wanda ke girgiza iska sau 16 kacal a daƙiƙa, ƙirji ke jinsa kafin kunne. Akwai kuma wanda bai kai ɗan yatsa ba. Kowanne sai an ɗauke shi da hannu a cikin ginin da zai zauna, an ɗan buɗe ƙafarsa ko an matse, an gyara leɓen da wuƙa, an mayar, an saurara daga can ƙarshen zaure, an sake ɗaukowa. Da dare ake yin wannan, lokacin da motoci suka ɗauke. Maigidana yakan tsaya a tsakiyar zaure cikin sanyi, ni ina can sama a tsakanin bututai, ya ce mini wancan na uku yana fahariya, a rage masa iska. Bututu dubu biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya. Ko zafin hannunka ya isa ya canza muryar ƙaramin bututu, sai ka jira ya huce kafin ka yanke hukunci.

Wannan ne usur ɗin, Dakta.

Ka ce sana'ar matattu. To bari in ba ka labarin matattun. Arp Schnitger ya gama ogan ɗin cocin St. Jacobi a Hambug a 1693, mai jerin muryoyi 60, wato rukunin bututai 60, kowanne da irin muryarsa. Shahararren makaɗi Johann Sebastian Bach da kansa ya nemi aikin kiɗa shi a 1720. A 1917 aka cire manyan bututansa na gaba aka narka don yaƙi. A 1942 aka kwashe sauran aka ɓoye, ginin ya ƙone a 1944, sannan Jürgen Ahrend ya maido da shi hayyacinsa, aka sake buɗe shi a 1993. Yau ana kiɗa shi. Gottfried Silbermann ya gama na babban cocin Freiberg a 1714 yana ɗan shekara 31, kuma har gobe yana nan yana magana. Bai yi aure ba, ya mutu a Dresden a 1753 yana tsakiyar aikinsa na ƙarshe, almajirinsa Zacharias Hildebrandt ya ƙarasa. A Sion ta ƙasar Suwizalan akwai wanda aka ƙera wajen 1435 kuma bai yi shiru ba. Lokacin da gobara ta ci rufin cocin Notre-Dame a Faris ranar 15 ga Afrilu 2019, babban ogan ɗin mai bututu kusan 8,000 ya tsira daga wuta amma ƙurar dalma ta cika shi. Su wa aka kira? Ba masu sayar da kibod ba. Irinmu aka kira, suka wargaza shi, suka tsabtace bututu ɗaya ɗaya, suka harhaɗa, ya yi magana a Disamban 2024 duniya na kallo. A nan Jamus akwai ogan kimanin 50,000 da shagunan ƙira wajen 400, kuma a 2017 UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin gadon ɗan Adam. Ɗan koyo yana shekara uku da rabi tsakanin shago da makarantar Ludwigsburg kafin a ba shi shaidar farko, ta zama maigida kuwa tana can gaba. Na san kana girmama takarda, shi ya sa na kawo maka wannan.

Da ka ce sana'ar ba ta kawo arziki, da na gyaɗa kai. Aristide Cavaillé-Coll, wanda ya ƙera na cocin Saint-Sulpice da ke Faris a 1862 mai jerin muryoyi 100, bashi ya yi masa katutu har kamfaninsa ya koma hannun wani a 1898, ya rasu shekara guda bayan nan. Maigidana ma tsohuwar mota yake ja. Amma kai ba batun kuɗi ka yi ba, batun amfani ka yi.

Kibod ɗinka na Sabon Gari, ban raina shi ba. Ƙaramar majami'a a Kafanchan ko Wusasa wadda ba ta da kuɗi, ga hunturu mai fasa katako, ga damina mai kumbura shi, ga ɓera mai son fata, ni ne na farko da zan ce su sayi na lantarki su huta. Sai dai ka tambayi kanka daga ina muryar da ke cikinsa ta fito. Mafi kyawunsu, makirufo aka kai gaban bututun da wani tsohon kafinta ya ƙera aka naɗo sautin. Kuma ranar da allon cikinsa ya ƙone, kamfanin ya ce ya daina yin irinsa, sai juji. Namu kuwa duk wanda ya iya katako da fata da dalma zai buɗe shi ya gane abin da ya lalace. Ba sai ka zo Turai ba: ka shiga babban cocin Anglican da ke Marina a Legas, inda T.K.E. Phillips ya yi kusan shekara 50 yana kiɗa, ka zauna a baya ka saurari nasu, sannan ka dawo rediyo ka maimaita maganarka.

Batun coci da ka sako a ƙarshe, kana ɗan rage murya, na gane inda ka nufa, kuma masu sauraro ma sun gane. Abin da ke tsakanina da Ubangijina ba a rediyo za a tattauna shi ba. Zan dai tuna maka cewa Ktesibios ya ƙirƙiro wannan na'ura a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa 'ya'yan Musa bin Shakir sun rubuta bayanin irinta mai busa kanta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma zauren kiɗa na Maskat a Oman da na Petronas a Kuala Lumpur duk suna da ogan ƙirar Jamus. Ya isa haka.

Abin da ya fi ci mini rai, dariyar nan na san ta tun kafin in san Jamus. Ita ce dariyar da ɗan boko ke yi wa duk wanda hannunsa ya yi kanta. Da ita aka kori 'ya'yan maƙera daga maƙera, 'ya'yan dukawa daga dukanci, aka ce su je su nemi kwali, suka samo kwalin suka zauna a bakin titi. Kai da ka yi suna da rubutu kan al'adun Hausa, kake zuwa taro ƙasa ƙasa kana kukan cewa gadonmu na salwanta, ban taɓa jin ka kai makirufo wurin mai ƙera kakaki ba. Ana busa shi a gaban sarki ranar hawan sallah, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, ba mai tambayar wa ya buga tagullar, nawa aka biya shi, ko yana da yaro a gabansa da zai gaje shi. A nan, idan maigida ya ɗauki ɗan koyo, akwai yarjejeniya a rubuce, akwai albashi, akwai jarrabawa, akwai ƙungiyar masu sana'a da ke sa ido. A wurinmu yaron shago ya yi shekaru yana aike da sharar ƙasa, ranar yaye a yanka masa rago idan ya yi sa'a. Wannan shi ne shirin da ya kamata ka yi. Amma na sani, ba'a ga wanda ke nesa ta fi sauƙi, ta kuma fi jawo masu bugo waya, musamman yanzu da ake raɗe-raɗin sabon littafinka na hanya.

Ka ce idan ina da amsa in zo shirin. Ba zan samu zuwa ba, muna tsakiyar sauke wani tsohon ogan da tsutsar katako ta shiga, kuma ba a barin irin wannan aikin rabi. Amma tunda tambaya ba ta mutum ɗaya ba ce, ga tawa: a shirinka na gaba ka faɗa mana sunan mutum ɗaya mai rai da ke ƙera algaita ko kakaki a Kano ko Zazzau ko Damagaram, unguwar da shagonsa yake, da yawan yaran da ke koyo a hannunsa. Ka gayyace shi, ka ba shi kujerar da ka tanadar mini. Kuɗin motarsa ni zan biya.

Naka,
Yaron tsohon kafinta