Zuwa Ga Ɗana, Sabon Manaja

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mahaifiyarka ta yi mini albishir an damƙa maka reshen kamfaninku na Kaduna. Allah ya taya ka riƙo.

Da ka zo hutun Sallah, na ga ka zube katunan mutane a kan tabarma, fal hannu, ka ce a wani taro a Abuja ka karɓo su. Na yi shiru saboda ƙannenka na wurin. Yanzu zan tambaye ka: a cikinsu, wa ka taɓa zuwa yi wa ta'aziyya?

Kakanka fataucin goro ya yi tsakanin Kano da Kumasi, hanyar da Alhassan Ɗantata ya bi tun yana saurayi. A zango akwai fatoman da yake saukar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in za a ba shi goro bashi. Babu takarda tsakaninsu. Amma ko shekarar da kakanka bai yi tafiya ba, sai ya aika masa da baƙin rinin Kura ta hannun ayari.

Ni ma na gani da idona. Shekarar da gobara ta cinye shagona a Kantin Kwari, manyan alhazan da nake ta bi sai jaje suka yi mini. Wanda ya turo mini dila biyu ta atamfa, ya ce in biya in na farfaɗo, tsohon ɗan dako ne da Allah ya buɗa wa. Shekara 11 kafin nan na je sunan ɗiyarsa a Kurna, cikin ruwan sama. Ni har na manta.

Saboda haka ka san sunan maigadi da masinja da direba, ka riga su gaisuwa. Kada ya zama sai buƙata ta taso mutum zai ji muryarka. Ɗan kwangilar da ya kawo maka rago kuwa, ka gode masa, ka mayar. Kujerarka yake gaisarwa.

Na ji tsohon maigidanka da ya koya maka aiki yana kwance a Zariya. Ka je ranar Asabar da ƙafarka, kada ka tsaya ga waya. Mahaifiyarka ta ba direban mota zuma, ka kai masa.

Naka,
Mahaifinka