Yaya, ga abin da ya sa maganin Umma ya daina ci

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya mai jiki, Allah ya ƙara mata sauƙi. Na saurari saƙonka bayan na taso daga aikin dare, wlh har yanzu raina ba daɗi da na ji ana cewa wai maganin jabu aka saka wa Umma tunda ciwonta na kansar ƙwan mahaifa ya dawo. Yaya ko a nan Ingila a sashen masu ciwon kansa da nake aiki muna ganin haka sosai, da magani mai kyau.

Shi ƙarin nan ƙwayoyin da ke cikinsa ba duka halinsu ɗaya ba, kemo, wato maganin kansa da ake ɗaurawa, in ya shiga sai ya kashe mafi yawa, shi ya sa ka ga cikinta ya saɓe har ta koma cin tuwo, amma akwai 'yan tsiraru masu taurin kai da suke tsira kuma su ne za su hayayyafa su cike gurbin, to 'ya'yansu duk sun gaji taurin. Ka tuna yadda kulorokwin ya daina yi wa zazzaɓi komai? Kusan haka ne.

Wasunsu wani ɗan famfo gare su a bangonsu, P-glycoprotein, tun 1976 aka gano shi a Toronto ta Kanada, magani na shiga yana tofo shi waje, kuma maganin paclitaxel ɗin da aka riƙa ɗaura mata duk sati 3 yana cikin waɗanda yake fitarwa. Shi kuma carboplatin, ɗayan maganin, DNA ɗinsu (kundin gadon da ke cikin kowace ƙwaya) yake lalatawa, sai wasu su iya gyara ɓarnar su ci gaba da rayuwarsu. A kansar ƙwan mahaifa in ciwon ya dawo kafin wata 6 da gama irin wannan maganin, yawanci canza shi ake yi, nata kuwa ko 5 bai cika ba. Don haka likitan da ya ce a canza, hanya yake bi, ba neman kuɗinmu ba.

Dan Allah kar a fasa kai ta ranar da aka ba ta, jiƙe-jiƙen da Goggo ke kawowa kuma a nuna wa likita tukuna, hantarta da ƙodarta suna shan aiki. Ka turo min hoton sakamakon gwajin jinin CA-125 na ƙarshe, kuɗin kuma ƙarshen wata insha Allah zan turo. Ka gaida Anti da yara, in Umma ta farka ka kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Ƙanwarka.