Ba yaƙi kaɗai ke fitar da Assuriyawa da Kaldiyawa daga Iraƙi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka.

Duk lokacin da aka kawo labarin Kiristocin Iraƙi, wato Assuriyawa da Kaldiyawa, sai a ce yaƙi ne ya kore su, a tsaya nan. To an ƙwato Mosul daga hannun ISIS tun 2017, amma har yanzu iyalai na haɗa kayansu zuwa Detroit da Sidni da Suwidin. Kafin 2003 yawansu ya haura miliyan ɗaya, yanzu ƙiyasin da aka fi yi bai wuce 250,000 ba.

A ganina rashin samun haƙƙi ne ke ci gaba da fitar da su. A Yulin 2014 ISIS ta rubuta harafin nun, wato harafin farko na kalmar Nasara, a bangon gidajensu a Mosul, kuma daren 6 ga Agusta mutanen Karakosh, wani garin Kiristoci kusa da Mosul, suka watse zuwa Erbil da ke yankin Kurdawa. Daga baya Iraƙi ta gurfanar da dubban 'yan ƙungiyar, amma ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2005, wadda zama ɗan ƙungiya kawai ya isa a yanke wa mutum hukunci. Da wuya a tambaye shi gidan wa ya ƙona, 'yar wa ya sace, balle a kira wanda aka zalunta ya ba da shaida. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta UNITAD, da ta tara hujjojin waɗannan laifuka, an rufe aikinta a Satumbar 2024, alhali ƙasar ba ta da dokar hukunta kisan ƙare dangi.

Ga batun gidaje kuma. A Bagadaza an sha sayar da gidajen waɗanda suka yi hijira da takardun bogi, har sai da ɗan siyasar nan Muƙtada al-Sadr ya kafa kwamitin mayar da gidajen ga masu su a 2021. Abin kunya ne a ce kwamitin ɗan siyasa ke yin aikin kotu. Shi kansa shugaban cocin Kaldiyawa na lokacin, Kadinal Louis Sako, sai da ya bar Bagadaza ya koma Erbil a 2023, bayan shugaban ƙasa ya soke takardar amincewa da muƙaminsa. In babba ya ga haka, me manomin Filin Nineba, yankin ƙauyukan Kiristoci da ke kusa da Mosul, zai jira?

Don Allah in za ku sake kawo wannan labari, ku nemi lauyoyi da mutanen Karakosh su gaya mana ƙararraki nawa suka kai gaban alƙali, da yadda suka ƙare.

Naka,
Mai karatu daga Zariya