A riƙa tantance yaran rabin aji kafin a raba malamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomin ilimi na Jihar Kano kan ajin share fagen shiga firamare, wanda mu iyaye muka fi sani da rabin aji.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ta sanya kula da ƙananan yara a cikin ilimin tushe, sannan manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ware shekara guda ta share fage, tare da ƙa'idar malami ɗaya ga yara 25.

A ƙaramar makarantar gwamnati ta unguwarmu, malama ɗaya ce ke riƙe da ajin, kuma yaran sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. Abin da ya fi damuna shi ne rajistar ba ta nuna ko su wane ne yaran ba. Akwai ɗan shekara 3 da ya biyo yayarsa saboda uwa ta fita nema, ga kuma ɗan shekara 7 da bai taɓa zama a aji ba, duk an haɗa su a tabarma ɗaya, an rubuta shekarunsu da kintace domin akasarinsu ba su da takardar haihuwa. Akwai 'ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Katsina da Zamfara, da 'ya'yan makiyaya da Fulatanci ne yarensu na gida. Masu hali tuni sun kai nasu makarantun kuɗi, saboda haka mai bibiyar ajin ya yi ƙaranci.

Tunda gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, ina kira ga SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su wajabta rubuta shekarun kowane yaro da jinsinsa da unguwarsu da yaren gidansu, a kuma gayyaci jami'an hukumar ƙidaya ta ƙasa su yi wa yara rajistar haihuwa a harabar makaranta a makon ɗaukar ɗalibai. Da waɗannan bayanai na yaran ya kamata a riƙa raba malamai da masu reno da kayan aiki kowace shekara.

Naka,
Wani mahaifi daga Kano