Wasiƙa daga Liyon ta Faransa zuwa ga ƙanena a Garwa

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Baba da Inna da yaran gida duka. Yaya kuke fama da zafi? Na san war haka Binuwai ya janye, yashi ya fito, kowa ya fitar da tabarmarsa tsakar gida. Mu nan sai yanzu sanyi ya fara sakinmu. Aikin sito yana nan, ɗauki kwali ajiye kwali, mun gode Allah.

Na saurari saƙonka na WhatsApp. Ka ce yaran shagonku sun tambaye ka abin da mu Kirista muka gaskata, ka ɗauko daga Adamu, ka biyo ta kan Nuhu, kafin ka iso Ibrahim aka kira la'asar kowa ya miƙe. Kada ka ji haushi, amma na yi dariya har hawaye. Littattafai 66 kake so ka juye wa mutum tsakanin guga da sa maɓalli?

Buɗe 1 Korantiyawa 15, ka karanta daga aya ta 3. Manzo Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Koranti wajen shekara ta 55, ya ce abin da ya karɓa shi ya miƙa musu, kuma shi ne kan gaba da kome: Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku. Sai ya lissafa waɗanda suka gan shi da idonsu, Bitrus, da almajirai sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ƙara da cewa yawancinsu suna nan da rai. Wato mai shakka ya je ya tambaye su. Malami irin Bulus ke nan, wanda ya sha karatu a gaban Gamaliyel, babban malamin Yahudawa, amma da aka zo kan gindin magana bai wuce jimla uku ba.

In suka ce to me ya kai shi ga mutuwa, a nan za ka ɗan zauna. Allah ya halicce mu, yana ƙaunarmu, shi mai tsarki ne. Mu kuma mun yi masa laifi, duk ɗinmu, har da fasto. Kowa a shagon ya yarda da wannan, domin kowa ya san zuciyarsa. Inda muka rabu shi ne yadda za a yi da laifin. Ka san littafin nan da maigidanku yake rubuta masu bashin ɗinki? Kolosiyawa 2:14 ta ce akwai takarda irin wannan a kanmu, Allah ya ɗauke ta ya kafa a kan gicciyen Yesu. Wanda ya tuba ya dogara gare shi an soke sunansa, ba don ya biya ba, don an biya masa. Shi muke kira alheri. Aikin kirki yana biyowa baya a matsayin godiya. Wannan fa shi ne abin da aka yi ta nanata mana a ajin katikisma, inda ake koyon tushen bangaskiya, daga ɗan littafin da Martin Luther, malamin Kirista na Jamus, ya rubuta a 1529 domin iyaye su koya wa yara a gida, muna gyangyaɗi.

Tambaya ɗaya za ta zo, ko yau ko gobe: yaya za ku ce Allah yana da ɗa? Kada jikinka ya yi sanyi. Ka fara da gaya musu abin da ba mu faɗa. Ba mu ce Allah ya yi aure ba, ba mu ce ya haihu yadda mutum yake haihuwa ba, Allah ya kiyaye. Ba mu kuma ce alloli uku ba. Allah ɗaya ne, Yesu da bakinsa ya faɗi haka a Markus 12:29. Abin da muka gaskata yana farkon Bisharar Yohanna: Kalman Allah yana tare da shi tun fil'azal, ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Yaran shagon, da yake Musulmi ne, sun san budurwa Maryamu ce ta haifi Yesu, suna girmama shi. Amma su ba su yarda an gicciye shi ba, mu kuwa a kan gicciyen nan da kabarin da aka tarar wayam muka tsaya. Kada ka shafa wa wannan bambanci mai don a ji daɗin hira. Ka faɗa a fili, da ladabi, ka bar shi nan.

Abin da ba na so in ji shi ne ka taɓa addininsu ko Annabinsu da baƙar magana. Mutanen nan su suka kwana a ƙofar gidanmu ranar rasuwar Kaka, naman layyarsu muke ci duk shekara, su ma suna cin shinkafarmu ta Kirsimeti. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu zauna a shirye mu amsa wa mai tambaya, da tawali'u da ganin girma. Mai tambaya fa, ba wanda ka tare a hanya ba. Kai kuwa an riga an tambaye ka. In aka kai inda ba ka sani ba, ce za ka tambayo. Kuma ka bar su su ma su faɗi nasu ka saurara har ƙarshe.

Nan Faransa wata duniya ce. Ga majami'u tsofaffi kamar duwatsu, amma abokan aikina da yawa ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, wasu ma dariya suke in ka ambaci Allah. Sai na tarar yaran Aljeriya da Mali sun fi saurin gane ni, domin aƙalla mun yarda akwai ranar hisabi. A garin nan na Liyon ne kuma, a shekara ta 177, aka kashe Kirista a filin wasan Romawa da har yau kufansa yake gefen tudu. Cikinsu akwai wata baiwa, Balandina, wadda 'yan'uwa suka ji tsoron ba za ta jure ba. Aka yini ana gana mata azaba, ba ta fasa maimaita cewa ita Kirista ce, kuma ba a aikata mugunta a cikinsu. Ba ta yi makarantar tauhidi ba.

Su kuma masu wa'azin nan da ke cewa ka ba da kuɗi Yesu zai buɗe maka hanyar biza, ka yi nesa da su. Suna nan ma, suna hayar zaure suna tatsar 'yan'uwanmu marasa takardu. In ka yi wa abokanka alkawarin arziki da sunan Yesu, ranar da ciwo ya zo kai za su tuhuma. Ka kuma kula da alkawarin ɗinki. Telan da ya ce Juma'a ya kai mutum har wata Juma'ar, wa zai saurari bishararsa?

Na aiko da kuɗi ta hannun Kawu. A fara da maganin hawan jinin Baba, sauran a sayi buhun masara tun bai hau ba. Ka gaishe da Inna ƙwarai, ka ce mata kukar da ta aiko ta iso. Ka gai da fasto da 'yan zumuntar matasa, da maigidanka. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare da yaran shagon.

Ni ne yayanka.