A Fassara Mana Darasin Gashi Da Hausa, Mu Masu Jinya A Gida Lalube Muke

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, don Allah ka dan bani fili in fadi wani abu da ya dade yana cin raina, nasan kuma duk wanda ya taba jinyar mai shanyewar barin jiki a gida zai gane inda na dosa.

Bara ne ana saura kwana kadan azumi Babanmu ya fadi yana alwalar asuba a kauyenmu can wajen Dukku, kafin a daga shi baki ya karkace hannun dama ya saki magana ma ta ki fita. Dama yana da hawan jini, irin shan maganin nan na dattawanmu, sai kai yayi ciwo a sha kwaya daya in ya lafa a jefa sauran a aljihun babbar riga. Muka kawo shi Gombe, yayi kwana goma sha biyu a gadon asibiti aka sallame mu da kati wai mu rika kawo shi gashi, wato motsa jiki a wajen likita, sau biyu a sati.

To Malam Edita kayi lissafin da kanka. Sati daya awa 168 ne. Zuwa biyu, kowanne minti talatin ko arba'in in layi yayi sauki, ko awa biyu basu cika ba. Sauran awa dari da sittin da wani abu a hannun wa yake? Hannun Inna ne da kanwata da ni, ni kuma tela ne, abinda na sani keke da almakashi. Mu ne asibitin, amma babu wanda ya koya mana aikin yadda zai zauna a kai.

Ba wai ina zargin likitar gashin bane, wallahi baiwar Allah tayi iya yinta, ita kadai ga mutane a benci har bakin kofa, tana nuna maka yadda zaka juya shi ana kwankwasa mata kofa. Ranar farko ta bamu wata takarda da aka yi fotokwafi har ta dushe, da Turanci, da zanen wani bature a kan gado an tare shi da filo kusan shida. Inna ta juya takardar sama da kasa ta miko mini. Matar da ta sauke Alkur'ani tana karanta ajami tsaf, amma boko ko harafi daya, kuma Baba a katifa yake a kasa filonmu biyu ne a dakin.

Abinda rashin sani ya jawo mana kuwa har yau ina jin ciwonsa. Duk lokacin da zamu tada shi zaune sai mu kama hannun da ya shanyen mu ja, saboda shi ne a gefen kofa. Bayan kamar sati uku kafadar ta fara ciwo, mutumin da ba ya iya magana sai hawaye kawai. Da likitar ta duba tace naman da ke rike kafada ya saki ne tunda barin ya mutu, to in ana jan hannun kashin sai ya rika zamewa daga mazauninsa, ba a taba jan wannan hannun, ta bayan kafada da kugu ake tallafo mutum. Magana ce ta minti daya fa. Haka batun kunu, Inna tana dura masa yana kwance don tausayi yana ta kwarewa, ashe ciwon yana taba hadiya, abinci sai ya bi hanyar iska ya sauka huhu ya zama ciwon kirji, dole a zaunar da shi sosai a rika bashi kadan kadan. Juyi ma duk bayan awa biyu ake so don kar gyambon kwanciya ya fito a kugu da diddige, wannan a bakin wata mai jinya naji a layi, wadda mijinta ya riga ya samu gyambon.

Sannan shi kansa sunan nan gashi yana rudin mutanenmu. Da an ji gashi sai a dauka fitilar nan ce mai zafi ko tawul da ruwan zafi, har wani kawunmu ya raka mu ranar yaga motsa jiki kawai aka yi yace ai kudinmu aka ci ba a gasa shi ba. Alhali ciwon ba a hannu yake ba a kwakwalwa yake, jini ne ya toshe ko jijiya ta fashe a can, sashen da ya rage da lafiya shi ke koyon aikin wanda ya lalace, kuma ba ya koyo sai da maimaici, dauki kofi ajiye kofi, tashi zauna, sau da yawa kullum. Watanni uku zuwa shida na farko nan ne aka fi samun saurin dawowa, mu kuwa a wannan lokacin ne ake yawo da mara lafiya daga mai kaho zuwa mai hayaki ana cewa iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa. Ni ban hana kowa addu'a da tofi ba, muma munyi kuma muna yi, amma a hada da motsin.

Wani abu ma da babu takardar bature da zata gaya maka shi ne kunya. Likita tace a bar Baba ya rike cokali da kansa ko zai bata rigarsa, ya sa maballi da kansa ko zai kai minti goma. Kaga kuwa a gidan Bahaushe ko Bafulatani ka zauna kana kallon mahaifinka yana fama da cokali baka karba ba, masu zuwa dubiya har a fuska suke nuna maka, wata gwaggonmu cewa tayi Gombe ta bata ni. Da akwai muryar likita da Hausa a waya in kunna mata da ba a kai ga haka ba.

Su ma likitocin fa ba a wadace suke ba. Akwai masu karatun fisiyo, wato aikin gashi, a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna fitowa da ilmi sosai, akwai hukumar da ke musu rajista MRTB tun dokar 1988, kungiyarsu ta kasa ma tun 1959 take. Amma sabon ilmi kusan duk da Turanci yake a intanet, irin su Physiopedia, wasu mujallun binciken kuma sai ka biya da dala, ga kudin data ga rashin wuta. In ta karanta ta gane, wa zai mayar mata da shi Hausar da Inna zata ji? Mai koyar da magana kuwa, wanda Baba yafi bukata, ni har yau ban taba ganin ko daya ido da ido ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum kusan biliyan 2.4 ne a duniya ke da larurar da irin wannan kulawa zata taimaka musu, tun 2017 ta kaddamar da shirin da ta sa wa wa'adin 2030, to shekara nawa suka rage?

A layin nan naga ba masu shanyewar jiki kadai bane, ga 'yan acaba da suka karye, ga wadanda shan inna ta bari da kafa duk da an tabbatar tun 2020 asalin kwayar cutar shan innar ta bar Najeriya, ga jarirai masu lankwasasshiyar kafa da ake musu filasta sati sati, kafa ta mike sai uwa ta daina sa takalmin dare don yaro na kuka, ba a fahimtar da ita cewa sai ya kai shekara hudu ko biyar ba, kafa ta koma gidan jiya.

Rokona ga likitocin gashi na Gombe da Bauchi da malamansu na jami'a da ma'aikatun lafiya, ba gini nake nema ba ba inji ba. A zauna ayi gajerun bidiyo da sakon murya na minti biyu biyu da za a iya turawa ta WhatsApp, da Hausa da Fulatanci, in hali yayi har Tangale da Tera da Waja. A dauka a tsakar gida irin namu, katifa a kasa, buta, turmi, kujera 'yar tsugunno, bandaki na tsuguno, a nuna yadda za a nade zani ya zama matashi, yadda mai hannu daya zai yi alwala. A buga takarda mai hoto da boko da ajami. Kuma kwararre mai rajista ya sa fuskarsa da sunansa a kai, don TikTok cike yake da masu maganin shanyewar jiki a kwana bakwai, sannan a fada a ciki karara cewa bidiyo ba zai maye zuwa asibiti ba tunda ciwon kowa daban. Gidajen rediyonmu su ma kar su jira sai 8 ga Satumba ranar fisiyo ko 29 ga Oktoba ranar shanyewar jiki kafin su gayyato su. Kananan hukumomi 11 ne a Gombe, 20 a Bauchi, ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi daya aka koya wa wadannan abubuwa a kowace gunduma mutumin Nafada ko Shongom ya rage wahalar mota.

Baba dai alhamdulillahi yanzu yana takawa da sanda zuwa masallacin kofar gida, wani kafinta ya kafa mana itace biyu a tsakar gida bisa awon da likitar ta bamu a nan ya koyi tafiya, hannun ne bai dawo duka ba kafadar kuma har yanzu tana masa ciwo in sanyi ya shigo. Satin da ya wuce matar makwabcina ta fadi ita ma, 'ya'yanta suka zo shago suka same ni wai in nuna musu yadda ake yi tunda na saba. Na ajiye dinki na bisu, na tarar har sun fara daga ta da hannun da ya shanye.

Nagode Malam Edita, Allah ya kara daukaka.

Naka,
Wani tela mai karanta jaridarku
Jekadafari, Gombe