A rubuta sunayen tsibiran Yawuri tun masu saninsu na da rai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin Masarautar Yawuri da malaman jami'o'inmu kan aikin da bai kamata ya kai baɗi ba: rubuta sunayen tsibirai da wuraren Yawuri.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsibirai da ƙauyuka masu yawa, har da tsohon garin Busa. Gungawa, masu kiran kansu Reshe, sun baro gonakin albasa da mashigai da duwatsun tsakiyar kogi da guraben kifi, kowanne da sunansa. Ƙananan wurare irin waɗannan ba kasafai taswira ke ɗaukarsu ba, kuma saurayin wancan lokaci yau ya haura shekara 70.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ƙarni na 19, masu awon ƙasa a tsibiran Sikotlan sun riƙe littafin sunaye: sunan wuri, duk yadda ake rubuta shi, wanda ya ba da shi, da bayanin wurin. Mu yi haka, mu ƙara da murya. A naɗi muryar dattijo da waya yana faɗin sunan sau uku, sannan ya sa shi cikin magana, domin boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Sunan da aka rubuta ba a naɗa ba, jikoki za su karanta shi a karkace.

A tambayi aƙalla mutum biyu, kowa shi kaɗai. In aka tara su a ƙofar mai gari, babba ne zai yi magana, saura su yi shiru don ladabi. Masunta da 'yan kwalekwale sun fi kowa sanin sunayen cikin ruwa, su ma mata kada a tsallake su. A ɗauki lambar GPS, wato lambar da ke nuna inda wuri yake a taswira, ta wurin da bai nutse ba. Wanda ya nutse a nuna shi a tsohuwar taswira, a kuma bincika takardun zamanin Turawa a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Babban haɗarin daga mai rubutun yake. Bahaushe yakan ji sunan wuri na harshen Reshe ya lanƙwasa shi ya koma kalmar Hausa da ya sani, daga baya a ƙirƙiro masa labarin asali. Don haka a ware wa sunan Reshe gurbinsa, na Hausa nasa, kada a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya. Rubutun takardun hukuma, irin Yauri da Yelwa, a ajiye shi kusa da Yawuri da Yalwa. Ƙ, ɗ da ɓ kuma a sa su tun a wurin tattara sunayen, domin wanda zai buga a kwamfuta ba zai iya cankar inda suke ba.

A ajiye kwafi a fada, a kai wani makarantun yankin.

Naka,
Wani mai karatu daga Jihar Kebbi